UH1 ko UH3+: wanne faifan Utada Hikaru ya fi cancanta a sayo?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka da ke karatu a Osaka zai zo hutu, ya ga fayafayan bidiyon waƙoƙin mawaƙiyar Japan Utada Hikaru guda biyu a shagon kayan hannu, UH1 da UH3+, kuma kuɗin da ka tura masa na ɗaya ne kawai. Ka ce kai ta shirin First Love na Netflix, wanda ya fito a 2022 aka kuma gina shi a kan waƙoƙinta, ka san ta, kuma kana ɗan taɓa aikin tace bidiyo. To ni dai amsata UH3+. Ga dalili, domin na san zuciyarka na wajen ɗayan.

Duka biyun jeri ɗaya ne, ana kiran sa Single Clip Collection, kamfanin Toshiba-EMI ne ya fitar. A wancan zamanin babu YouTube, wanda bai kama bidiyon waƙa a talabijin ba sai dai ya jira a tattara su a kaset ko faifai ya saya, kamar dai yadda ake haɗa waƙoƙin fim a faranti ɗaya a kasuwar Ƙofar Wambai lokacin da harkar faifai ke ci. Shekara uku ce ba cikakkiya ba tsakanin fitowar na farko da na ukun, amma idan ka kalle su a jere sai ka rantse ba mutum ɗaya ba ce.

UH1 ya fito a Disambar 1999. Yarinya ce 'yar shekara 16 a lokacin, haifaffiyar New York a 1983. Mahaifiyarta, Keiko Fuji, shahararriyar mawaƙiyar enka ce, wato salon waƙar begen nan ta manyan Japan, mahaifinta kuma Teruzane Utada mai shirya kiɗa ne. Waƙarta ta farko da sunan Utada Hikaru, Automatic, ta fito ranar 9 ga Disamba 1998, kundin First Love kuma ya biyo baya a Maris 1999 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 7 a cikin ƙasar, har yau babu kundin da ya kamo shi a Japan. Bidiyoyin wannan shekarar ta tashe aka zuba a UH1: Automatic, Movin' on without you, First Love da Addicted to You.

Abin da za ka gani a ciki shi ne kamfani yana ƙoƙarin nuna wa jama'a fuskar mai muryar da suka ji a rediyo. Dubi Automatic. Ɗaki ne ƙarami, ga doguwar kujera ruwan ɗorawa, ita kuma tana gabanta a ɗan durƙushe, ba a tsaye ba ba a zaune ba, tana rausaya tana miƙa hannu wajen kyamara. Wannan ɗan durƙuson ya zama abin da masu barkwanci a Japan ke kwaikwayo shekara da shekaru. Akwai daɗin kallo, ban musa ba, don kana ganin ƙuruciyar a fili, babu wani ƙaƙale. Sai dai idan ka rufe ido ka saurara kawai, ba ka yi asarar abu mai yawa ba. First Love ɗin da kake so ma haka take: fuska, haske mai laushi, waƙar ce ke ɗauke da komai. Addicted to You ce ta fara nuna kuɗi sun shigo, don Jimmy Jam da Terry Lewis, mutanen da suka daɗe suna yi wa Janet Jackson kiɗa, su suka yi aikin sautinta, an kuma ɗauki hoton a Hong Kong. Duk da haka salon bidiyon mawaƙan Amurka na ƙarshen shekarun 1990 ne aka bi, ba wani sabon abu ba.

UH3+ kuwa ya fito a Satumbar 2002, kuma nan ne labarin ya sauya, saboda mutum ɗaya: Kazuaki Kiriya. Mai ɗaukar hoto ne asalinsa, ya fara yi mata bidiyo da Final Distance a 2001, wanda ke kan faifai na biyu na jerin, wato UH2. A cikin watan da UH3+ ya fito ne ma suka yi aure, tana da shekara 19, suka rabu a 2007. Wannan ba shi ne ya dame mu ba, na faɗa ne don ka gane cewa mai waƙa da mai hoto tare suke tunanin aikin tun daga tushe, ba wai an gama waƙa aka kira wani ya zo ya ɗora mata hoto ba.

Fara da traveling, ta Nuwambar 2001. Jirgin ƙasa ne na almara yana keta wata duniya, cike da fasinjoji masu sutura da fuskoki irin waɗanda ba ka taɓa gani ba, launuka sun yi kauri har suna neman ƙona ido, hoda da kore da ruwan goro duk a lokaci ɗaya. Wani wajen mutane ne na gaske, wani wajen zanen kwamfuta, wani wajen kuma 'yan tsana ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka. Waƙar rawa ce mai sauri, amma a tsakiyarta Utada ta saƙa baitoci daga mabuɗin labarin Heike, tsohon labarin yaƙin gidajen Taira da Minamoto na ƙarni na 12, inda ake maganar yadda mulki da duniya ke gushewa. Yaran makarantar Japan suna haddace wannan mabuɗin, don haka su da sun ji sun gane. Mai tace bidiyo irinka zai so ya tsayar da hoton nan ya duba yadda yanka ke faɗawa daidai kan bugun ganga, da yadda ake sauya launin fili gaba ɗaya idan amshi ya shigo.

Sakura Drops, ta Mayun 2002, ita ce ta fi kai wa maƙura. Daji ne da aka gina, furanni manya-manya, tsuntsaye da wasu halittu masu gashi kala-kala, ita kuma tana tsakiya cikin ado kamar ita ma tsuntsuwar ce. An ɗauko ruhin hoton daga zanen Ito Jakuchu, mai zanen Kyoto na ƙarni na 18 da ya yi suna wajen zana zakaru da tsuntsaye gashi bayan gashi. Idan ka nemi zanensa a intanet ka ajiye kusa da bidiyon, nan take za ka ga dangantakar. A irin wannan wajen ne faifai ke da amfani, domin ganye da gashin tsuntsu su ne farkon abin da ke dagulewa idan intanet ta yi rauni ta matse hoto.

Sai kuma Hikari, ta Maris 2002, wadda ke tsakanin waɗancan biyun. Bayan duk wannan ƙawa, me aka nuna? Utada a kicin tana wanke kwanuka. Shi ke nan. Kyamara na kafe waje ɗaya, famfo na zuba, tana cuɗa faranti tana ɗauraye kofi tana bin waƙar da baki. Kuma wannan ce waƙar wasan Kingdom Hearts na PlayStation 2, wadda masu buga gem suka fi sani da sigarta ta Turanci, Simple and Clean. A wajena ita ce ta fi duk sauran ƙarfin hali, kuma ba ta yin armashi sosai sai ka kalle ta a jere da sauran, ka fito daga jirgin almara ka faɗa wanke-wanke. Wannan jerin shi ne abin da kallon ɗaya-ɗaya a waya ba ya ba ka.

Inda UH1 ya fi shi a fili yake. Waƙoƙin da ka riga ka sani suna can, kuma ga mai tara kayan tarihi, faifan shekarar da ta fara tashe yana da daraja ta daban. Idan don ka ajiye a kabad ne kana nuna wa baƙi, ɗauki UH1, babu mai ganin laifinka. Amma kai ka ce kallo kake so kuma kana koyon sana'a. Abin da ke cikin UH1, in ban da Addicted to You, kundin First Love na sauti ya ishe ka, shi kuwa yana ko'ina. Kiriya daga nan ya wuce ya yi fim ɗin Casshern a 2004, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin zai ga a bidiyoyin UH3+ aka fara gwada hannun.

Kada dai ka sa ran hoto irin na yanzu. DVD ne na farkon shekarun 2000, a babbar talabijin ta zamani zai ɗan yi laushi, kuma kada ka dogara da samun fassara a ƙasan allo, don kasuwar Japan aka yi wa shi. Bidiyoyin kansu suna shafinta na YouTube, kana iya leƙa traveling da Automatic a daren nan ka gwada maganata kafin ka kira ƙanin naka.

Ka gaya masa abu biyu kafin ya biya. Na farko ya tabbatar DVD ne, domin UH1 ya fito har a kaset ɗin VHS, kuma shagunan kayan hannu irin su Book Off sukan ajiye tsofaffin kaya iri-iri. Ya buɗe kwalin ya ɗaga faifan a haske ya duba ƙarzuwa. Na biyu, an raba duniya yanki-yanki wajen kunna DVD, fayafayan Japan na yanki na 2 ne kuma tsarin hoton talabijin na NTSC, mu kuwa Najeriya da Nijar muna yanki na 5. Yawancin ƙananan na'urorin DVD 'yan China da ke kasuwanninmu ba ruwansu da yanki, komai ka saka musu suna karantawa, amma PlayStation da na'urorin manyan kamfanoni sukan ƙi. Idan a kwamfuta za ka kalla, ka lura na'urar faifanta sau biyar kawai take yarda a sauya mata yanki, daga nan sai ta kulle a kan na ƙarshe.