Darasin kiɗa a shagonka: biyan kullum, na wata ko na zango?

Duk mai sayar da fiyano da jita ya san tambayar da ke biyo bayan ciniki: "To, wa zai koya wa yaron?" Wannan tambaya ce ke sa a share ɗakin bayan shago a ɗauko malami. Amma kafin ka karɓi ɗalibi ko ɗaya, fara yanke yadda za a riƙa biya, domin sauran ƙa'idoji duk daga nan suke tasowa.

Biyan kullum, wato ɗalibi ya zo ya biya kuɗin ranar, shi ya fi kwanta wa iyaye a rai. Sai dai ranar da hadari ya haɗo ko biki ya taso, ɗalibi ba zai zo ba, alhali malami ya riga ya kashe kuɗin mota. Jitar da ba a saya yau ba tana nan a rataye har gobe, amma ƙarfe huɗun yammacin Asabar in ta wuce, ta wuce ke nan. Bar wannan tsari ga darasin gwaji, da kuma manya irin mawaƙin da ke son a nuna masa abu biyu ko uku a fiyano kafin ya shiga situdiyo.

Biyan zango ya bi tsarin makarantun boko, zango uku a shekara, kowanne wajen mako 13. Ya dace da mai shirin jarrabawa, ko ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da aka kafa a 1889 mai matakai daga 1 zuwa 8, ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa a Legas a 1983. Nauyinsa shi ne kuɗin na faɗowa dunƙule, daidai lokacin da uba ke fama da kuɗin makaranta.

Ni na wata nake zaɓa, a biya tun farkon wata. Rigimarsa ɗaya ce: wani watan Asabar huɗu gare shi, wani biyar. Maganin a lissafi yake. Shekara mako 52 ce. Cire huɗu na hutu, sallah ƙarama da babba da Kirsimeti da wani makon da ka ga ya dace, saura darasi 48. Raba kuɗinsu gida 12 daidai, kowane wata kuɗi ɗaya. Tunda sallah kan zo da wuri da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ka riƙa sanar da ranakun hutun tun farkon shekara.

Inda ake yawan ɓatawa shi ne fashi da ramuwa. In ka ce babu ramuwa sam, uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi za ta ga an ci mata kuɗi, kuma tana da gaskiya. In ka ce duk fashi a rama, bashin darussa zai taru a kan malami har ya rasa ranar hutu, kuma malamin kirki ba ya daɗewa a irin wannan wuri. Abin da ya fi zama adalci: wanda ya sanar awa 24 kafin lokaci a rama masa, sau ɗaya a wata, cikin watan. Wanda bai sanar ba, darasin ya tafi. Rasuwa da kwanciya asibiti ba sa shiga wannan lissafi, kuma ka rubuta hakan ƙarara, kada mai makoki ya zo yana roƙo. Idan kuwa fashin daga ɓangarenka ne, malami bai zo ba ko an ɗauke wuta babu janareta, ramuwa a wuyanka take, ko ka mayar da kuɗin. Da azumi, mayar da darussan yamma zuwa safe ya fi soke su.

Wanda ya makara, darasinsa ya ƙare a lokacin da aka tsara, domin akwai wani a bayansa. Minti 30 ya ishi ƙaramin yaro. Babba na iya ɗaukar 45 zuwa awa guda.

Malami kuma ko ya kama hayar ɗakin ɗalibai su zama nasa, ko ku yi kaso a kan kowane darasi, ko ka sa masa albashi. Ga sabon shago kaso ya fi sauƙi, amma a biya shi kasonsa ko da ɗalibi ya yi fashi babu sanarwa, tunda kuɗin ya riga ya shigo.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ɗakin darasi ya kasance da tagar gilashi ko ƙofa a buɗe, kuma iyaye na da damar zama ciki duk ranar da suka so. Tattara duk wannan a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, har da sharaɗin cewa mai son dainawa ya sanar wata guda kafin nan. Iyaye su sa hannu ranar rajista, ka ba su kwafi tare da rasit.