Gwangwanin ajiye gahawa mai zuƙe iska: ƙamshi ya daɗe

Na sayi wannan gwangwani ne saboda gahawata takan sane kwana kaɗan bayan buɗe leda. Ana murza murfinsa, yana zuƙe iskar ciki har wani ɗan maɓalli ya lotsa. Aikinsa ke nan, kuma yana yinsa da kyau.

Babban jigon ƙamshin gasasshiyar gahawa wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, sunansa 2-furfurylthiol. Ɗanyen ƙwaya ba ta da shi. Zafin gashi ne ke haɗa sukarin ƙwayar da sinadaran furotin masu farar wuta, sai ya samu. Masana kimiyya biyu, Reichstein da Staudinger, suka gano shi a gahawa tun 1926. Ɗan mitsitsi ya isa hanci ya ji shi, amma ba ya jure iskar oksijin, nan da nan yake lalacewa. Shi ya sa rage iskar ke da amfani. Bayan mako biyu na buɗe, ƙamshin gashin ya bugi hancina sosai.

Matsalarsa guda ce: garin gahawa yana toshe matatar murfin. Ƙwaya za ku zuba, ku niƙa lokacin dafawa.