Fakitin gyaran kafireton CG125: robobin sun yi, tagullar kuwa a bar ta asali

Fakitin da nake magana a kai shi ne irin wanda ake samu a shagunan kayan babur cikin 'yar leda manne da kwali, an buga CG125 a jiki, babu sunan kamfani. Na yi aiki da shi tare da gwangwani ɗaya na maganin feshi na wanke kafireto a kan kafireton asali na kamfanin Keihin, na tsohon Honda CG125 da ya shafe wata takwas a jingine da mai a cikinsa. Babur ɗin ba ya tashi sai da cok, da an mayar da cok ya mutu, ga mai yana ɗiga ta tiyon ƙasa ko an kashe inji. Fakitin ya cancanci kuɗinsa, amma rabin abin da ke ciki ne kawai ya kamata ya shiga kafireto.

A cikin ledar akwai gasket na ƙoƙon mai, da allurar fulot (fulot shi ne abin da ke yawo a kan mai a ƙoƙo, ya tura allurar ta rufe shigar mai in ya cika), da sukurun saita mai tare da sifirin da wosha da ɗan zoben robarsa, da sukurun silo (gudun inji in ba a murɗa totur ba), da zoben roba na bakin da ke haɗuwa da inji. Sai kayan tagulla: babban jet da ƙaramin jet, wato 'yan sukurori masu ramin da mai ke bi, da doguwar allurar totur da kilif ɗinta.

Kafin a taɓa komai a rufe famfon mai, a kwance sukurun da ke gindin ƙoƙo, a tari man a kwalba mai haske. Wannan man shi zai fara gaya maka abin da ke ciki. Idan ruwa ya kwanta a ƙasa ko ka ga jan gari, to tanki ne tushen matsalar, kuma duk wankin da za ka yi ba zai kai mako biyu ba. Daga nan a murɗe murfin sama da hannu, a zaro fistin totur da allurarsa, a kwance noti biyu da sifana lamba 10, a sassauta ƙarfen da ke ɗaure robar iyakilina, kafireto ya fito.

Sukurun da ke riƙe da ƙoƙon mai su ne suka fi cin zalin gaggawa. Kawunansu irin na Japan ne da ake kira JIS, sau da yawa da ɗan ɗigo a gefen gicciyen, kuma sukundireban Phillips na kasuwa ba ya zama daram a ciki. Yana tsalle ya cinye kan. In babu na JIS, a zaɓi wanda bakinsa bai lalace ba, a danna da ƙarfi, a ɗan buga bayansa sau ɗaya kafin a murɗa. Fakitin bai zo da sababbin sukuru ba, kuma wannan giɓi ne, domin a tsohon babur da wuya ka tarar da su lafiya.

Sukurun saita mai kuwa kada a fitar da shi kai tsaye. A fara murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, a rubuta adadin. Taɓawa kawai, ba ɗaurewa ba. Bakinsa siriri ne kamar ƙaya, in aka matse ya karye a cikin ramin, kafireton ya kusa zama na bola. Bayan ya fito a leƙa ramin da tocila, domin wosha da zoben roba sukan maƙale a ciki. Wanda bai duba ba ya ɗora sabo a kan tsoho, sai ya yini yana murɗa sukuru inji bai amsa ba. Jerin mayarwa a jikin sukurun shi ne sifirin, sannan wosha, sannan zoben roba a ƙarshe.

Da aka buɗe ƙoƙon, ƙasansa ya yi kore-kore da danƙo mai warin tsohon fenti. Haka fetur yake yi in ya daɗe: sassan da ke saurin tashi su bi iska, saura ya daskare. Ƙaramin jet ya toshe gaba ɗaya, ko haske ba ya wucewa. Ba abin mamaki ba ne in aka san girman ramin. Lambar da Keihin ke bugawa a jikin jet kusan faɗin ramin ce a kason ɗari na milimita, wato mai lamba 38 raminsa bai kai rabin milimita ba, mai lamba 100 kuma milimita ɗaya ne. Shi ya sa ƙaramin ke riga babban toshewa, kuma shi ne ke ciyar da inji daga silo har wajen kwata na totur. Babur da ke tashi da cok ya mutu ba cok, a fara zargin wannan jet kafin a zargi fulogi ko koyil.

Maganin feshin ya narkar da danƙon ƙoƙo cikin minti biyar, amma bai buɗe ƙaramin jet da feshi kawai ba. Sai da na fesa shi a murfin kwalba na jiƙa jet ɗin minti talatin, sannan na zura sili ɗaya na jan ƙarfe da aka zare daga wayar lantarki mai laushi. Jan ƙarfe ya fi tagulla laushi, ba ya faɗaɗa rami. Allurar ɗinki, ko silin wayar birki, ko bakin fil, duk ƙarfe ne mai tauri. Su ne ke mayar da jet mai lamba 38 ya koma ba a san lambarsa ba, babur ya dinga shan mai yana baƙanta fulogi, a rasa dalili. A duba har da ƙananan ramukan da ke gefen jet ɗin da na bututun da babban jet ke ɗaure a kansa. Ta nan iska ke gauraya da mai kafin ya fita, kuma kowanne sai an ga haske ta cikinsa.

Inda aikin yake da gaske shi ne jikin kafireton kansa, domin jet mai tsabta a kan hanya toshasshiya bai amfana komai ba. A sa ɗan jan bututun gwangwanin a ramin ƙaramin jet a fesa. Maganin ya kamata ya fito ta wuri uku: ramin sukurun saita mai, ɗan ramin da ke cikin maƙogwaron kafireto ta ɓangaren inji, da ramin iska da ke bakin ɓangaren iyakilina. A toshe biyu da yatsa a ga na ukun yana feshi sosai, a juya haka har a gama ukun. A wannan kafireton ramin maƙogwaro da farko ɗigo yake yi, sai a karo na huɗu ya buɗe ya yi tsartuwa. A kawar da fuska ko a sa tabarau, maganin yana dawowa ido kuma yana da zafi. Bayan nan a hure duk hanyoyin da iska mai ƙarfi; injin mai faci ya wadatar. Ba a hura iska fulot yana ciki, musamman na tagulla, domin yana lotsewa.

Abu biyu game da maganin: yana kumbura roba, don haka a cire duk zobe da gasket da allurar fulot kafin a fesa. Kuma kada a maye gurbinsa da soda ko ruwan batir don a ga jiki ya yi fari, suna cin ƙarfen kafireto su bar shi da ramuka. Gwangwani ɗaya ya ishi kafireto ɗaya har da ragowa.

Allurar fulot ita ce abin da ya fi kowanne daraja a fakitin. Tsohuwar ta yi zobe a bakin robarta inda take zama, ana jinsa da farce, ɗan fil ɗin bayanta mai sifirin kuma ya maƙale. Na jera su biyun a kan farar takarda, tsawonsu ɗaya, fil ɗin sabuwar yana shiga yana dawowa. Wannan gwadawar dole ce, domin allurar da ta fi tsohuwa tsawo ko gajarta da milimita ɗaya ta sauya matakin mai a ƙoƙo. Mazaunin allurar a wannan kafireton a dase yake, ba ya fita, sai a goge shi da auduga a kan tsinke da ɗan man goge baki, a wanke. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sa tiyo mai tsabta a bakin shigar mai a hura da baki. Kafireto a tsaye, iska ta wuce. A kife shi, iska ta tsaya cak. Sabuwar allurar ta riƙe.

Idan fulot na tagulla ne a girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin mai a ciki ya huje. Wajen auna tsayinsa a karkata kafireto har ɗan harshen fulot ya taɓa fil ɗin allura ba tare da ya danna shi ba, a auna daga leɓen da gasket ke zama, a daidaita da adadin da littafin gyaran samfurin ya bayar. Harshen kaɗai ake lanƙwasawa, kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wani yoyo da ake ɗora wa allura alhali ba laifinta ba ne: siririn bututun tagulla da ke tsaye a cikin ƙoƙo yakan tsage a tsaye. A cika ƙoƙon da fetur a hannu, kada ya kai bakin bututun. In ya ɗiga ta ƙasa, tsaga ce, sai a liƙe ta da dalma.

Gasket ɗin ƙoƙo ya zauna a raminsa ba tare da an ja shi ba, kuma bai yi gumi ba. Ba a shafa masa gam, fetur na narkar da shi ya tafi ya toshe jet ɗin da aka gama wankewa.

Kayan tagullar ne ban yarda da su ba. Jet ɗin asali yana ɗauke da lamba da tambarin K na Keihin. Na fakitin ƙaramin babu lamba ko kaɗan, kuma da aka ɗaga su biyu a haske raminsa ya fi na asali faɗi a ido. Na gwada shi don a tabbatar. Inji ya tashi, amma silo yana gurnani, salansa na warin ɗanyen mai, sukurun saita mai sai da ya kusa rufewa kafin inji ya daidaita, fulogi kuma ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Da aka mayar da na asali wankakke, saiti ya zauna a zagaye biyu. Doguwar allurar ma siririntarta ta fara daga wani wuri daban da ta asali, kuma ita ce ke mulkin mai daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur, inda babur ke yin yawancin tafiyarsa. Jet ba ya gogar komai, mai kawai ke bi ta cikinsa, don haka wanda ba a taɓa sokawa da ƙarfe ba wanki yake so, ba canji ba. Doguwar allura da bututunta su ne ke cin juna saboda girgiza. In ramin bututun ya zama kamar ƙwai ko allura ta yi sheƙi a gefe ɗaya, a nemi na asali a sauya su tare.

Wajen haɗawa, kilif ɗin doguwar allura ya koma tsagar da aka same shi. Saukar da shi ƙasa yana ɗaga allura ya ƙara mai, hawar da shi sama yana ragewa. Fistin totur kuma yankakken gefensa yana kallon iyakilina, doguwar tsagarsa ta bi ɗan fil ɗin da ke cikin jiki. In aka juya shi ba zai sauka ƙasa ba, kik ɗaya inji zai kwashe da ihu. Kafin a tayar a murɗa totur a saki, a ji ƙarar saukarsa.

Saiti ana yin sa ne inji da zafi, bayan tafiyar minti goma. A ɗan ɗaga silo, a riƙa juya sukurun mai kwata-kwata ana jiran daƙiƙa goma tsakani, har a sami inda inji ya fi sauri da santsi, sannan a sauke silo zuwa wajen juyin inji 1,400 a minti. A wannan kafireton sukurun yana ɓangaren inji, fitar da shi ƙarin mai ne. A kafireton da sukurun ke ɓangaren iyakilina, iska yake ƙarawa. In sai ya wuce zagaye uku kafin inji ya gamsu, hanyar ƙaramin jet ba ta gama buɗewa ba ko iska na sata. Alamar satar iska ita ce a saki totur inji ya daɗe bai sauko ba. Zoben bakin inji na fakitin ya toshe wannan, tsohon ya bushe ya baje. Noti biyun a ɗaure su bi da bi, ba da ƙarfi ba, don kada bakin ya lanƙwashe. Kuma a tabbata gibin bawul yana kan milimita 0.08 inji a sanyi, na fulogi 0.6 zuwa 0.7, in ba haka ba za a yi ta neman laifin kafireto a inda babu.

Bayan mako uku ana hawa, babur yana tashi a kik na farko ko na biyu da safe, silo bai motsa ba, ƙasan ƙoƙo a bushe, fulogi ruwan ƙasa. An wanke tanki da ragar famfon mai, an sa ƙaramar filta a tiyo, abin da ya zama dole ga mai sayen man bumburutu a galan. Soson iyakilina an wanke shi da kananzir, an shafa baƙin mai kaɗan an matse; a lokacin hunturu wannan wankin yana so a yawaita shi. In za a jingine babur fiye da wata guda, a rufe famfo a zubar da man ƙoƙo ta sukurun ƙasa.