Mesa ta yi girma a gida: a sake ta a daji ko a miƙa ta?

Samari a Garwa da Marwa suna gani a TikTok turawa na kiwon mesar ƙasar Bama (Myanmar), wai su ma suna so. To tana ƙarama kyakkyawa ce amma tana iya wuce mita 5, in ta fi ƙarfinka ya za ka yi?

Sakinta a bakin Binuwai shi ya fi sauƙi, ba ko sisi, amma dai haka aka yi a Filorida ta Amurka, masu kiwo suka riƙa saki a fadamar Everglades, mace ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 50, macizan suka cinye zomaye da sauran ƙananan namun daji har a 2012 gwamnati ta hana shigo da su, tare da mesarmu ta Afirka ma. Kuma nan ga zafi ga ruwa ga kaji da awaki, me zai hana ta zama?

Miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji ko gidan zoo na Garwa akwai tambayoyi da takardu, ƙila har a ci ka tara. Ni dai gara tarar wallahi.