Ranar da tef ɗin awo ya kunyata ni a Ohayo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da yawanku kun san ban da aikin da ya zaunar da ni a Amurka, ina ɗan taɓa saye da sayarwa ta intanet. Nakan samo tsofaffin kaya masu nagarta a gidajen da ake tashi, in gyara, in ɗora a eBay ko Facebook. Masu yawan tambayata yadda ake aika kaya masu nauyi ba tare da riba ta zube a hanya ba, ga abin da ya same ni.

Keken ɗinki ne irin na da, baƙi wuluk, zubin ƙarfe, wanda har jikoki sa gada. Na goge shi, na sa masa mai, ya riƙa gudu kamar sabo. Wata mata a Kalifoniya ta saya dala 90, ni kuma don son ciniki ya faɗa da wuri na rubuta cewa kuɗin aikawa a wuyana yake. Na samo wani ƙaton kwali, na zaunar da keken a tsakiya, na cusa tsummoki da tsofaffin jaridu ta kowane gefe, domin a tunanina girman kwali shi ne tsaron kaya. Na sungume shi sai ofishin wani kamfanin jigila.

Yarinyar da ke kan kantar karɓar kaya ta ɗora shi a sikeli, ya nuna laba 38, wajen kilo 17 ke nan. Har na ji sanyi a raina. Sai na ga ta jawo tef ɗin awo. Tsawo inci 30, faɗi 24, tsayi 20. Ta danna kwamfuta, ta juyo mini da fuskarta. Kuɗin aikawa ya haura kuɗin keken gaba ɗaya. Na ce don Allah ta sake dubawa, ta sake, bai canza ba. Nan fa na shiga abin da muka tashi da shi, na fara neman ragi, ina faɗa mata ai ni mai zuwa ne kullum. Mutum shida ne a layi bayana, babu wanda ya ce uffan, amma ina jin idanunsu a ƙeyata. Cikin ladabi ta ce ba ita ke yanke farashi ba, ko kwabo ba ta da ikon cirewa. Ta ɗauko takarda ta yi mini lissafin a gabana: 30 sau 24 sau 20 ya ba da 14,400, a raba da 139, lambar da kamfanin ke lissafin girma da ita, ya tashi laba 104. Ta ce wurin da kwalina zai cinye a cikin mota wurin kaya mai laba 104 ne, don haka kuɗin 104 zan biya. Na sake ɗaukar kwalin na fito, ana sanyi amma gumi nake.

Asarar ba ta kai kunyar ciwo ba. Kwana biyu abin yana cina a rai, saboda na san yarinyar ba ta zalunce ni ba. A nan wuri ake sayarwa a cikin mota da jirgi. Suna auna nauyi, suna auna girma, wanda ya fi yawa shi za su caje ka. Sannan ga nisa, wanda suka yanka shiyya-shiyya. A lissafin gidan waya, abin da ya haura mil 1,800 ya faɗa shiyya ta 8, kuma daga Ohayo zuwa Kalifoniya can ya faɗa. Na yi alkawarin biyan kuɗin hanya tun ban san inda mai sayen take ba.

Da na koma gida na nemo kwali daidai jikin keken, inci 20 da 12 da 16, mai kauri biyu. Na naɗe keken da soso, na toshe duk wata kafa har ya daina motsi in an girgiza. Lissafin girma ya sauko laba 28, sai aka koma kan ainihin nauyinsa. Takardar biyan kuɗin ma ban saya a kan kanta ba, a cikin eBay na saya na buga a gida, domin farashin da suke ba masu sayarwa ya fi na kanta sauƙi. Abin da na biya bai kai rabin na farko ba.

Daga ranar na zama ɗalibi. Abin da ya fi burge ni shi ne kwalayen gidan waya masu farashi ɗaya. Kyauta ake ɗaukarsu, kuma duk abin da ya shiga ciki ya rufu, muddin bai wuce laba 70 ba, kuɗinsa ɗaya ko maƙwabciyar jiha za shi ko ƙarshen ƙasa. Ga mai sayar da sufanu, kusoshi ko ƙananan kayan gyaran inji, wannan ni'ima ce. Na taɓa cika ɗaya da ƙarafa har sai da na sa hannu biyu na ɗaga, aka karɓa ba musu. Littattafai kuma suna da nasu tsarin mai rahusa da ake kira Media Mail, sai dai suna da ikon buɗewa su duba, kada mutum ya ce zai ɓoye wani abu a tsakanin shafuka. Abin da ya wuce laba 70 gidan waya ba ya karɓa, sai kamfanonin jigila irin su UPS ko FedEx, su kuma iyakarsu laba 150.

Kada ku zaci komai daɗi ne. Ƙananan cajin da ake liƙa wa mutum suna ƙona mini rai matuƙa. Kwali ya wuce laba 50, ƙarin kuɗi. Tsawonsa ya wuce inci 48, ƙarin kuɗi. Gida za a kai ba shago ba, ƙarin kuɗi. Ƙauye ne mai nisa, ƙarin kuɗi. In kuma ka yi kuskuren awo ko da kaɗan ne, na'urarsu za ta sake aunawa a hanya, bayan kwanaki ka ga an cire bambancin daga asusunka. Ka kira waya, murya ce ta na'ura za ta yi ta zagaya da kai, babu fuskar da za ka kalla ka ce a duba Allah a duba Annabi. A irin wannan lokaci nakan tuna direban can gida da zai ɗaga kayanka da hannu ɗaya ya ce bar shi kawai, in na dawo ma yi magana. Wallahi ina kewar wannan. Abin da ya fi kama da shi a nan shi ne aika kaya ta motocin fasinja na Greyhound, su ma sun daina karɓa tun 2022.

Amma kewa ba za ta hana ni faɗa mana gaskiya ba. Muna sayar da kaya ta waya, mu ɗora hoto, babu nauyi babu awo, sai an gama ciniki a fara rigimar wa zai biya dako. Mu ɗaure kayan dubban kuɗi a yagaggen kwali, babu rasit, babu hoto kafin a rufe, in ya fashe a ce tsautsayi ne, zumunci ya lalace a kan abin da sikeli da tef za su raba gardamarsa. Mai sayarwa da bai san nauyin kayansa ba, da me zai yi ciniki da direba? Duk abin da aka faɗa masa sai dai ya yi ta roƙo, kamar yadda na tsaya ina yi a gaban yarinyar nan.

Watan jiya na sayar da injin ɗinki na masana'anta, da teburinsa da motar lantarkin da ke juya shi, abin da ya fi ƙarfin kwali. Na kira wani dattijo ɗan'uwanmu da ya daɗe yana tuƙa tirela a ƙasar nan. Ya ce, "Ɗana, kada ka bari su zo ƙofar gidanka." Ya yi mini bayani cewa irin wannan kaya a kan dandamalin katako ake ɗaure shi, mai inci 48 da 40, a haɗa shi da kayan wasu a tirela ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurinsa. Suna da aji-aji daga 50 zuwa 500, kuma kaya mai nauyi a dunƙule shi ke samun ƙaramin aji da sauƙin kuɗi. Zuwa gida da motar da ke da ƙarfen ɗaga kaya a baya shi ke ninka farashi, don haka gara mai sayarwa ya kai tashar kamfanin da kansa, mai saye ya ɗauka a tashar garinsu. Na ce, "Baba, in mai sayen yana kusa fa?" Ya ce to ai babu abin da ya kai ya zo da motarsa ya ɗauka arha.

Mai sayen bai kusa. Ranar Asabar muka kwance teburin daga ƙafafunsa don tsayin ya ragu, muka kwantar da komai a kan katakon. Baba da kansa ya ja igiyoyin, yana taka kowace da ƙafa ya ji ta ɗaure. Kafin mu naɗe da leda na ɗauki hoto ta fuska huɗu, sannan na ciro tef daga aljihu na auna sau biyu, yana tsaye yana riƙe mini ɗaya bakin.