Kujerar da aka ƙi karɓa a hannuna kyauta

Sai da na shekara huɗu a Manchester kafin na san cewa a Ingila kyauta ma ana iya mayar maka da ita.

Gidan da muke haya yana da wani ɗan ɗaki a sama, da ƙyar zai ɗauki gado ɗaya da kujera. Tun zuwanmu ya zama ɗakin shirgi: akwatunan da muka zo da su, kwalaye, katifar da yara suka girme ta, da wata kujerar kushin mai cin mutum biyu. Bana na ce ya isa haka. Ina so in kafa keken ɗinkina a ciki, in sa wa yara teburin karatu ta wajen taga.

A nan shagunan ƙungiyoyin agaji suna ko'ina. Ka ba su kaya, su sayar, kuɗin ya tafi ga marasa lafiya ko marasa galihu, kuma wasunsu har gida suke zuwa da mota su ɗauka, ba ko sisinka. Na kira, aka ba ni rana. Ni da maigida muka sauko da kujerar ta wannan matsattsen bene, na goge ta tas. Maza biyu suka iso daidai lokacin da aka faɗa, suka gaishe ni da fara'a. Ɗayansu ya ɗaga kushin, ya kifa kujerar, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya tambaye ni ina ɗan ƙyallen shaidar gobara da ake ɗinkewa a jiki. Ni da hannuna na sa almakashi na yanke shi tun ranar da muka saya, don yana reto ya ɓata mini gani. Ya ba ni haƙuri har sau uku, suka shiga motarsu suka tafi.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga kujera a bakin ƙofa, ga yayyafi ya fara, ga maƙwabciyata tana kallo ta labule. Ji na yi kamar an kama ni ina ba da shara da sunan sadaka. Kwana biyu abin yana ci mini rai, ina cewa wannan wulaƙanci ne kawai.

Maƙwabciyar nan, dattijuwa ce haifaffiyar garin, ita ta zaunar da ni. A 1979 gobara ta tashi a sashen kujeru na wani babban kanti a tsakiyar Manchester, mutum 10 suka rasu, kuma baƙin hayaƙin soson kujeru ne ya yi ɓarnar. Soso idan ya kama, hayaƙinsa guba ne, yana kayar da mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. A 1988 aka yi dokar da ta tilasta a yi kujeru da kayan da ba sa saurin kamawa, a kuma liƙa musu shaida. Shagon da ya sayar da kujerar kushin da ba ta cika wannan ƙa'ida ba, ko ta gwanjo ce, ya karya doka, shaidar nan kuwa ita ke nuna ta cika. Ashe mutanen nan ba ni suka raina ba. Wanda zai saya suke karewa, talakan da ba su ma san fuskarsa ba. Jikina ya yi sanyi.

Amma kada ku ɗauka komai daɗi ne. Zubar da kaya a ƙasar nan ya fi sayensa wahala. Ba dama ka ajiye kujera a bakin titi, tara ce mai nauyi. Sai da na nemi rana a wajen ƙaramar hukuma, kujerar ta yi kusan mako biyu ta tare mana hanyar falo. Tun farkon 2023 ma ba a binne irin waɗannan kujeru a juji, ƙona su ake yi, saboda sinadaran da ke cikin soson. Fentin ɗakin kuwa sai da mai gidan da muke haya ya yarda a rubuce. Mai gyaran wuta da zai ƙara mini soket ɗaya tak ya ce sai bayan mako uku. A nan na yi kewar gida har ƙwalla, inda za ka aika yaro da safe, kafin la'asar kafinta ya zo ya auna, ana aiki ana hira.

Abin da na lura shi ne ɗaki a wajensu dukiya ce mai lissafi. Tun 2013, mai zama a gidan hukuma da ake tallafa masa da kuɗin haya, in yana da ɗakin kwana guda da ya yi masa yawa, ana zaftare kashi 14 cikin ɗari na kuɗin hayar daga tallafin, in biyu ne kashi 25. Wanda kuma ya sa ɗan haya a ɗakin gidan da yake ciki, har fam 7,500 a shekara ba a karɓar masa haraji. Mu fa a can gida? Mu kulle ɗaki guda shekara goma, mu cika shi da kayan da ba ma amfani da su kuma ba ma iya bayarwa, yara suna karatu a ƙasa gaban talabijin. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a irin ɗakin nan ne ake jibge tsofaffin katifu, a ajiye jarkar fetur ɗin janareta a gefe, wayar wuta tana lilo a sama ba mai leƙawa.

Daren da na gama jera ɗakin na kira yayata, don na san nata ɗakin shirgin da abin da ke ciki. Na ce, "Yaya, don girman Allah ki fitar da jarkar nan daga wajen katifu, yara suna kwana a ɗakin da ke jikinsa." Ta ce to, sai an samu lokaci. Ranar Juma'a zan sake kiranta, kuma na ce wa babban ɗanta ya turo mini hoto.