Waifar silikon a kan tsohuwar 504 tawa, bayan damina guda

Motar Peugeot 504 ce ta 1979, Fijon babanmu Allah ya jiƙansa, ni na gaje ta. Wanda ya san Garwa ta Kamaru ya san abin da rana take yi wa roba a nan, Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40, ga ƙurar hazo tun Disamba tana kwanciya a gilashi, kafin ruwan farko ya sauka robar waifa ta bushe ta zama kamar kilishi. Duk shekara sai na sayi sabuwa irin ta arha ɗin nan, wata biyu ta fara kuka ƙiii ƙiii tana barin layi layi a gilashi.

To bana sai wani mai kayan mota ya ce in gwada ta silikon, wai ita rana ba ta cinta kamar baƙar roba. Mu nan bale muke ce mata, bakin Faransanci, 'yan uwanmu na Najeriya su ce waifa, duk abu ɗaya ne. Kuɗinta ya kusa ninka na waccan sau uku, na yi ta jinjina kai amma na biya. Iri biyu ya nuna min, mai ƙarfe irin ta da, da kuma marar ƙashin nan ta motocin zamani. Na fara ɗaukar marar ƙashin don ta fi kyan gani, wallahi kuskure ne, ita an lanƙwasa ta ne don gilashin motar yanzu, a kan nawa ba ta kwanta daidai ba, tana share wani wuri tana tsallake wani. Na mayar, ya canza min da mai ƙarfen ba tare da gardama ba, wannan kam na yaba masa.

Ruwan farko da ya same ni da ita gaskiya raina ya ɓaci. Ba kuka dai, amma tana tafiya kamar wadda ta kwana da yunwa, in ta hau sama sai ka ce ba za ta dawo ba, kuma gefen direba dai dai inda ido yake ruwa na nan bai sharu ba. Na kai wa tsohon makanikenmu da niyyar in zagi waifar, shi ya gyara motar tun zamanin baba. Ya ɗaga hannun waifar da ɗan yatsa ɗaya ya sake, ta sauko a hankali ko ƙara ba ta yi ba, ya ce ɗana ai ba laifin robar ba ne, sifirin ɗin cikin hannun ne ya mutu, ba ya danna ta a gilashi, ko ta zinariya ka sa haka za ta yi. Na ce to Baba jinkirin fa? Ya kwance injin waifar ya buɗe, giris ɗin ciki ya daskare ya zama kamar sabulun salo, shekara arba'in da wani abu ba wanda ya taɓa shi. Ya wanke da fetur ya sa sabo, ya ɗiga mai a sandunan da ke juya hannayen, ya kankare tsatsa a inda wayar mas, wato ta negatif, take kama jikin mota, sannan ya sa rile don wuta ta riƙa zuwa kai tsaye daga batir, ba sai ta bi ta tsohon makunni tana raguwa a hanya ba. Hannayen kuma muka samo wasu na hannu masu sauran ƙarfi.

Daga nan ne na ga amfanin kuɗina. A Agusta na tafi Ngawundare, ruwa ya kama ni tun daga Mbe har hawan dutsen da muke ce wa falez, ga manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Chadi suna gangarowa suna watso min jan laka, shara ɗaya biyu gilashi ya yi tas. Kuma da gaske ne abin da ake faɗa, silikon ɗin yana barin wani santsi a gilashi, ruwa sai ya dunƙule ƙwaya ƙwaya, in ka ɗan taka mota iska ta kwashe shi.

Inda ban ji daɗinta ba shi ne da dare a cikin gari in ana yayyafi. Tana wucewa sai ta bar wani ɗan hazo na daƙiƙa guda, fitilar 'yan mashin ta doke shi ta watsu a ido. In na wanke gilashin sosai da sabulu na goge bakin robar da tsumma mai laima abin yana raguwa, amma bai tafi gaba ɗaya ba. Sannan kar ka kuskura ka kunna ta a busasshen gilashi mai ƙura, yashin nan namu zai karce gilashin ya ci bakin robar, tsada ba ta hana wannan.

Yanzu damina ta wuce robar tana nan da laushinta, na matsa da farce ba tsagewa. Zan sake saye? Eh, in ta kai ruwan baɗi, don ainihin jarrabawarta Afrilu ne. Famfon feshin ruwa ne dai har yau bai tashi ba, Baba makanike ya ce in kawo motar ranar Asabar, kafin nan gorar ruwa ce a ƙasan kujera ina miƙa hannu ta taga.